Ni da Maman Rahila da Farfesa a Garin Babana

Tun da muka dawo daga Kafanchan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk Asabar in na zauna wurin mai shayinmu na bakin kasuwar Samaru, kafin a zuba mini madara wani ya jawo benci: "Baban Rahila, yaya garin naku? Ruwan nan da gaske ne? Wai ina Farfesa?" Abokina Emeka mai kayan lantarki a Sabon Gari ma sai da ya ɓoye wayar da na je saye, ya ce ba labari ba waya. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk sanda na maimaita, ruwan ƙara tsawo yake yi. To kafin ya taɓa sama, ga shi a rubuce.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yohanna, gyaran fanka da rediyo da dutsen guga nake yi a Samaru. A Sabon Gari aka haife ni. Babana, marigayi Bulus, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Daga wani ƙauye kusa da Kafanchan ya zo Zariya yana saurayi, ya yi aure, bai sake komawa ba har ya rasu. Bai koya mana yarensu ba, ba ya kuma son zancen gida. Abu biyu na gada daga wannan ɓangaren: sunan ƙanwarsa Laraba, da wani fito da yake yi kowace safiya in yana goge takalmi. Fiton ma rabi ne. Yana kaiwa wani wuri sai ya tsaya cak, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. Haka na ɗauke shi da rabinsa, haka nake yi in ina buɗe shago.

Abin da ya tashe ni tafiya auren 'yata Rahila ne. Ranar da dangin saurayin suka zo gaisuwa, wani dattijo cikinsu ya tambaya a hankali, "To ina dangin uba?" Na duba dama, na duba hagu, babu kowa sai Emeka yana cin cincin. Kunya ta rufe ni. Wata mata a cocinmu 'yar can ce, ita ta haɗa ni a waya da Iliya, ɗan wan babana. Ya ce Gwaggo Laraba na nan da ranta, ita kaɗai ta rage cikin manya, mu zo.

Saura Farfesa. Farfesa namijin talo-talo ne. Matata Saratu, wato Maman Rahila, ta saye shi don Kirsimeti a shekarar da Rahila ta tafi makaranta gida ya yi shiru. Ranar yanka ta ce wai ya dube ta. Shi ke nan, muka ci kifi. Kirsimeti nawa suka wuce tun daga nan, kullum kifi. Sunan kuwa daga tafiyarsa ya samo shi: ƙirji a gaba, kai a sama, ba ya gaida kowa. A tafin hannunta yake cin dawa. In na yi fiton babana da safe sai ya miƙa wuya ya amsa, gulu-gulu-gulu, ita kuma ta ce, "Ka ji, ya fi ka murya."

Na ce a bar shi a gida. Ta ce, "A bar wa wa? Ɗaliban nan na gidan haya da suke kallonsa kamar an riga an soya shi? In bai je ba, ban je ba."

Haka muka shiga keke mu uku ranar Juma'a da safe zuwa tashar Kwangila, Farfesa cikin kwando a cinyarta, kansa a waje yana duba gari kamar mai neman inda zai sayi fili. Direban motar Kaduna ya ce a sa shi a but, can baya tare da kaya. Maman Rahila ta ce ya fara sa matarsa a but tukuna. Fasinjoji suka fashe da dariya, direba ya sa giya.

A Kaduna muka sauya mota. Kusa da ni wata 'yar kasuwar citta ce mai faɗin kujera biyu, ni kuwa rabin kujera na samu, ɗayan rabin jikina yana hutawa a kan buhunta. Tun kafin mu kai Kachia na yi ta atishawa har na fara ganin kakannina. Ta dubi kwandon ta ce, "Ƙauye za ku da wannan?" Na ce e, garin babana, zuwan farko. Ta ce, "Zuwan farko? Da shi a hannu?" Sai ta yi wata irin dariya ta juya ga taga. Da na san ma'anar dariyar nan, da a nan na sauka.

Shingayen hanya kuwa ba sa ƙirguwa. A wani, mai bindigar ya leƙo ya ga Farfesa, fuskarsa ta yi haske.

"Madam, wannan namu ne?"

"Wannan ko mijina bai isa ba," in ji ta.

Ya kai hannu zai shafa shi, Farfesa ya kai wa agogonsa sara. Ya janye hannu ya ce wa direba, "Tafi, tafi, kun riga kun zo da mai gadinku."

Da yamma muka isa Kafanchan, muka nemi masauki. Dattijon da ke da gidan ya nuna mana rubutu a bango, ba a shiga da dabba. Muka fita, muka zagaya bayan wani kanti, Maman Rahila ta goya Farfesa da zani, ta lulluɓe da gyale, muka dawo. Dattijon ya dubi goyon, ya dubi gashin jela da ke leƙowa ta ƙasa, ya ce, "Allah ya raya." Ya miƙo makulli.

A banɗaki Farfesa ya kwana. Da gari ya waye wani baƙo a ɗakin kusa ya shiga wanka yana fito, Farfesa ya amsa masa. Mutumin ya sake gwadawa, ya sake samun amsa. Wani mai babur ya danna hon a waje, shi ma ya samu tasa. Ku riƙe wannan a ranku, zai yi amfani a gaba. Dattijon ya aiko mana da kunun acca mai zafi, tare da saƙon cewa jaririn yana da murya, kuma motocin ƙauye da wuri suke tashi.

Ba mu samu mota ba, acaɓa muka hau. Hanya ja, duwatsu ko'ina, gonakin citta da acca, ga aladu suna yawo abinsu kamar yadda awaki ke yi a unguwar Palladan ta Zariya. Muna sauka a ƙofar gidan na ji guɗa. Mata suka fito da gudu, wani dogon mutum mai irin goshin babana sak ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. Iliya ke nan. Ni da nake cewa ba na kuka ko a jana'iza, sai ga ni ina share ido da hula.

Cikin wannan hayaniyar ne abin ya faru. Maman Rahila ta durƙusa za ta gaida mutane, kwando a hannu. Wata mata ta karɓe shi da hannu biyu, ta ɗaga sama, aka sake rangaɗa guɗa fiye da ta farko. Aka wuce da Farfesa bayan rumbu.

"Kai, ƙanena, ka san hanya!" in ji Iliya yana dukan bayana. "Muna cewa ɗan Zariya bai san komai ba. Wa ya gaya maka?"

"Wa ya gaya mini me?"

Sai ya yi bayani. A gidanmu, ɗan da aka haifa a waje in ya zo karon farko, da abu mai rai yake shigowa a hannu. A yanka, kowa ya ci a kwano ɗaya da shi, daga ranar ya zama ɗan gida, a je masa biki a je masa makoki. Yawanci zakara ake kawowa. "Amma talo-talo! Matarmu, kin fitar da mu kunya. Gobe bayan coci za a yi."

Na dubi Maman Rahila. Murmushi take yi, irin wanda na sani, wanda bayansa sai mutum ya yi sati yana cin abinci ba gishiri.

Na ja Iliya gefe na ce, "Yaya, a bar tsuntsun nan mana, in sayo akuya. Akuya biyu ma."

Fuskarsa ta canja. "Abin da ya shigo ta ƙofa a hannunka shi ake ci. In ka karɓe ka kawo wani, ka ce ke nan bakinmu bai kai na farkon ba. Kada Gwaggo ta ji wannan maganar. Da ma ba ta gama yarda da kai ba."

Gaskiyarsa. Da aka kai mu wurinta, tana zaune kan turmi a kife a gindin mangwaro, 'yar ƙaramar tsohuwa, idanunta sun yi fari ba ta gani sosai. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ina wuni, ni ne ɗan Bulus."

"Haka aka ce," in ji ta. "Bulus ya tafi bai waiwayo ba. Yanzu kowa ya ji gona ta yi daraja sai ya tuna yana da uba a nan. Kai ɗan Zariya, me ka zo nema?"

Na gaya mata zancen auren Rahila. Ta ce, "To. A ci naman tukuna." Ta juya kai.

Aka kawo abinci, wake da manja da riɗi, da tuwon acca mai laushi kamar ba a so haƙori ya wahala. A Zariya in ka ce ka ƙoshi akan ce ƙara kaɗan, a ƙyale ka. A can in ka ce ka ƙoshi, sun ɗauka gaisuwa ce, sai a ƙaro kwano. Na ci har maɓallin wandona ya nemi sallama. Maman Rahila ko loma ba ta kai baki ba.

Da rana Iliya ya ce sai mun ga Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Jama'a, tun daga nesa za ka ji shi kamar jirgin ƙasa da ya ƙi tsayawa a tasha. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Samaru da kwatar bayan shagona in an yi sama, sai na tsaya baki buɗe har feshin ya cika mini shi. Fari fat yake zubowa, ƙasa tana rawa. Tsawonsa kuwa, a wurin mai shayi na ce ya kai bene goma, wani satin na ce ashirin. Ku raba biyu, ku sake rabawa, sannan ku je ku gani da kanku. Na taka wani dutse don a ɗauke ni hoto, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin ruwa, takalmina ɗaya ya kama hanya. Ina jin yanzu ya kusa Lakwaja.

Ina matse wando Iliya ya nuna mini wani faffaɗan dutse. Ya ce nan babana yake gudowa yana yaro ya zauna yana busa sarewa, maimakon ya je gona. Wata rana kakanmu ya biyo shi, ya karya sarewar a gwiwa a gaban mutane. Washegari Bulus ya bi jirgi. Laraba ce ta raka shi har bakin hanya, ya ce mata zai dawo lokacin kaka, in an yi girbi. Tana nan tana jiran kakar.

Na juya in gaya wa Maman Rahila, na tarar ta ba ruwan baya tana kallon daji.

"Maman Rahila, dubi ikon Allah mana."

"Na gani. Baban Rahila, ka saurare ni. Ba zan hana 'yata dangi ba saboda tsuntsu. Ba zan buɗe baki ba. Amma in aka sa masa wuƙa, kada ka sake yin fiton nan a gidana, don ba mai amsa maka."

Ta faɗa ba tsawa, kuma wannan ya fi tsawar ciwo.

Ranar Lahadi aka tafi coci. A namu na Sabon Gari akan yi waƙa a zauna. A can ganga da ƙaho ne, tsofaffi ma da rawa suke kai baiko, wato sadakar coci, su dawo da rawa, in waƙar ta yi daɗi su sake komawa. Ni dai addu'a ɗaya na yi ta yi: Ubangiji, ka sa Farfesa ya tsinke igiya. Muka dawo muka same shi ɗaure a gindin mangwaro, yana taƙama abinsa, bai san ruwan da ke tafasa a murhu nasa ba ne. Dangi sun cika tsakar gida. Iliya yana wasa wuƙa a dutse. Gwaggo na kan turminta.

Maman Rahila ta roƙi a bar ta ta ba shi dawa. Ta tsuguna, ya ci a tafinta, mata suna ta mamaki wai matar birni tana kiwon nama har minti na ƙarshe. Ba ta ɗago ba ta ce mini, "Yi masa na safe. Yau ba ka yi ba."

Na ja fiton babana tun daga farko har inda yake tsayawa, na tsaya. Farfesa ya miƙa wuya: gulu-gulu-gulu.

"Wa ya yi wannan?"

Gwaggo ce. Ta miƙe tsaye ba sanda, abin da Iliya ya ce ta daɗe ba ta yi ba.

"Ni ne, Gwaggo."

"Sake."

Na sake. Da na kai inda nake tsayawa, sai tsohuwar nan ta ɗauka daga daidai wurin, da wata siririyar murya mai rawa, cikin yarensu. Ashe waƙar tana da sauran rabi. Shekara hamsin da ɗoriya ina yawo da rabin waƙa ban san tana da ƙafafu ba. Ta rera, ta tsaya ta ja numfashi, Farfesa ya amsa. Ta rera, ya amsa.

Iliya ya raɗa mini cewa waƙar kakarmu ce, wadda take yi in tana kiran yara su baro bakin ruwa su zo su ci tuwo. Rabin farko kira ne, na biyu amsar yaran ce, suna cewa ga mu nan tafe. Babana kiran kawai yake yi. Amsar ta Laraba ce.

Ta laluba ta kama fuskata da hannu biyu, ta shafa goshina, ta ce, "Bulus, ka yi ƙiba." Aka kwashe da dariya, rabin masu dariyar suna share hawaye. Sannan ta juya wajen ƙarar wuƙa.

"Iliya, me kake wasawa?"

"Wuƙa, Gwaggo. Na baƙo."

"Wanda ya san waƙar uwata shi za ka yanka? Ka taɓa ganin an ci mai amsa waƙa? Mayar da ita. Je ka kamo baƙin bunsuruna."

"Gwaggo, al'ada fa..."

"Ni da kai wa ya girmi al'adar?"

Ni kuwa da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na buɗe zan ce ai Gwaggo wannan ko hon ɗin babur amsawa yake yi. Ban kai ga "ai" ba Maman Rahila ta taka mini ƙafar da ba takalmi, da dukan nauyin shekarun aurenmu. Na ce, "Amin."

Bunsuru ya tafi a madadin Farfesa, Allah ya ba shi haƙuri. Muka ci a kwano ɗaya, Gwaggo da kanta ta sa mini hanta a baki, ta ce a gaya wa dangin saurayin su tanadi kujeru da yawa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Washegari muka shirya, na ɗauko kwando. Muka fito muka tarar da Gwaggo a gindin mangwaro tun da sassafe, dawa a tafin hannu, tana rera rabinta a hankali, Farfesa yana ci yana amsawa. Ba ta ce a bar mata shi ba. Ta dai ce, "Ku gaida Zariya," hannunta ɗaya a kan bayansa.

Maman Rahila ta dubi tsohuwar, ta dubi Farfesa. Sannan ta karɓi kwandon daga hannuna ta ajiye kusa da turmin.

"Gwaggo, ba ya son dusa mai ruwa. Kuma in hadari ya taso a shigar da shi, tsoron tsawa yake yi."

"Na ji, 'yata."

A kan acaɓa na ce, "Ke da kika ce in bai je ba ba ki je ba?" Ta ce, "Ni ina da kai, ga surutunka ya ishi gida. Ita fa?" Daga nan har Kachia na yi ta atishawata ni kaɗai.

To masu tambaya ina Farfesa, ga amsa. Yana garin babana, ya yi ƙiba, an ce yanzu ko aladu kauce masa suke yi. Duk Asabar da safe Iliya yakan kira, Maman Rahila ta riƙe mini waya a baki, in yi rabina, Gwaggo ta yi nata, Farfesa ya rufe taro. Gwaggo ta ce ranar bikin Rahila da shi za ta zo, a cinyarta, kuma tana son ta ga direban da zai ce a sa shi a but.

Roƙona ɗaya gare ku, musamman kai Emeka. In sun zo, kowa ya riƙe bakinsa, kada wanda ya yi fito a wurin bikin nan. Masu keke ma zan bi su ɗaya ɗaya in roƙe su, ranar kada a danna hon a layinmu.